Suna Ɗaya a Layi Biyu

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Gaisuwa mai yawa da fatan kana cikin ƙoshin lafiya. Yaya gwiwar? Baba ya ce kunnen ya ƙara nauyi har ka jefa wayarka a durowa, ka ce duk mai son magana da kai ya nemi biro. To ga shi na nemo. Ni lafiya lau nake, ban da mura da sanyin ofis ya saka mini.

Na san ban kyauta ba. Tun da ka sa baki tsohon ɗalibinka Dogo ya ɗauke ni aiki, ban rubuto maka ba, yanzu kuma da na rubuto, da buƙata na zo. Da Umma tana raye da ta ja mini kunne, don ko da yake kaka kawai kuka haɗa, ba ta taɓa kiranka da wani abu ba sai ƙanena. Af, a nan ba mai iya ce masa Dogo. Shi ne shugaban sashenmu, in ya shigo kowa gyara zama yake yi.

Ga matsalar. Wani ƙaramin asibiti ya ba kamfaninmu aikin allon ɗakin jira. Layi takwas ne a allon, kowane layi na ɗakin likita ɗaya: ido, haƙori, yara, awon ciki, da sauransu. Mai karɓar baƙi za ta buga sunan wanda layi ya zo kansa, allon ya nuna shi a gaban ɗakin da zai shiga. Ni aka ba wa rubuta manhajar, da harshen kwamfuta da ake kira C, kuma na'urar da ke bayan allon 'yar mitsitsiya ce, ma'adanarta ba ta da yawa.

A cikin manhajar na yi jerin manunai takwas masu nuna inda aka ajiye suna, kowane layi da manuninsa. Duk sunan da ya shigo sai in nemar masa wuri a ma'adana, in sa manunin layin ya nuna wurin. Da safe na'urar tana aiki, kafin azahar ta sandare. Na rasa inda na ɓata. Har yanzu ina cikin watannin gwaji, kuma ina jin nauyin in koma wurin Dogo, don kullum gabatar da ni yake yi da cewa jinin Malam ce.

Na buga shafukan manhajar na saka a ambulan ɗin nan. Don Allah Kawu kada wani ya gani. Na sa hannu a takardar cewa ba zan fitar da aikin ofis waje ba, kai ɗin ne ya sa na yi ƙarfin hali.

Taka,
'Yar Yayarka

*

Zuwa ga Injiniya,

Wa alaikis salam. Na sami wasiƙarki, na kuma yafe miki, amma ba duka ba. Gwiwa tana nan tana mulkinta. Kunne kuwa alheri ya zame mini, don yanzu abin da nake so kawai nake ji. Ki riƙa sa rigar sanyi a ofis, kada ki tsaya gayu.

Na baje shafukanki a teburin cin abinci, na karanta su da jan biro kamar yadda na yi wa ɗalibai har na yi ritaya. Rubutunki da tsabta, wannan gadon uwarki ne. Amma ke 'yar nan, wa ya koya miki almubazzaranci? Kowane suna ya shigo sai ki je ki karɓo masa sabon wuri, wanda ya tafi kuma ba ki mayar da nasa wurin ba. Dole ma'adana ta cika, na'ura ta sandare. A ƙaramar na'ura ba a yawan roƙon wuri.

Ki tuna abin da nake gaya wa su Dogo. Manuni ba shi ne sunan ba, yatsa ne da ke nuna inda sunan yake zaune. Jerin manunai kuwa yatsu ne a jere, kuma motsa yatsa ya fi ɗaga kaya sauƙi. Saboda haka na soke miki duk wannan neman wurin. Na ajiye mazubi guda ɗaya tak, inda suna zai riƙa sauka in ya taho daga teburin mai karɓar baƙi, sai manunin layin da ake so ya nuna shi. Shi ke nan, layi goma sha biyu sun maye gurbin shafi ɗaya da rabi. Za ki gan su a bayan takardar nan. Na bi shi layi-layi, yana tafiya sumul. Ke ma ki gwada.

Jiya na lallaɓa da sandata har gidan babanki. Na tarar da shi da abokansa a ƙofar gida, na gaya musu 'yarsu ce ke haɗa wa asibiti na'ura, kuma har yanzu tana tuntuɓar tsohon malami. Ban nuna takardun ba, kada ki tsorata. Babanki sai washe baki yake yi, ya rasa inda zai sa kansa.

Ki gaishe da Dogo. Ki ce masa ban manta ranar da ya yi barci a aji har ya faɗo daga benci ba. Ko kuwa bari, kada ki ce.

Kawunki

*

Zuwa ga Injiniya,

Sallama da fatan kina lafiya. Ni da sauƙi, sai dai likita ya ƙara mini wasu ƙwayoyi masu sa ni gyangyaɗi da rana tsaka kamar jariri.

Shiru ya yi yawa. Mai kawo wasiƙa har ya gane ni, in ya hango ni a bakin ƙofa sai ya girgiza kai tun daga nesa. Na ce ko murar ce ta kwantar da ke, na je na tambayi babanki, ya ce kun yi waya kuma lafiyarki ƙalau, sai dai ba ki daɗe a layi ba. To na gane. An sami abin da ake so, an kafa allo, an sha tafi, tsoho kuma ya koma durowa kusa da wayarsa.

Ban nemi godiya ba. Amma mutum in ya yi gyara yana son ya ji ko gyaran ya zauna. Abokan babanki kullum sai sun tambaye ni labarin na'urar, ni kuma in ce ai tana can tana aiki, alhali ban sani ba. In kin ga layukan nawa tsohon yayi ne kin jefar, ki faɗa mini, ba zan mutu ba. Raina dai ya ɓaci, kuma na ga gara in faɗa miki da in riƙe.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaisuwa, Allah ya ƙara sauƙi, ya sa ƙwayoyin su karɓe ka. Murar ta tafi. Ba mantuwa ba ce ta hana ni rubutu, kunya ce. Sau da yawa na fara wasiƙar nan ina yagawa.

Na saka layukanka kamar yadda ka rubuta su, ban canza ko ɗigo ba. Na'urar ta daina sandarewa, na yi murna har na yi tsalle a ofis. Na kuma gwada kamar yadda ka ce. Amma Kawu, ina da wata ɗabi'a tun ina makaranta: duk inda manhaja ta nemi suna don gwaji, sunan Umma nake bugawa. Ina son ganinsa a rubuce, shi ke nan. Na buga shi a layi na ɗaya, ya fito. Na buga a na biyu, ya fito. Har layi takwas suka cika da sunanta, na zauna ina kallo. Dogo ya zo wucewa ya tambayi ko wace ce, na gaya masa, ya ce Allah ya jiƙanta, ya sa hannu a takardar amincewa ya wuce.

Ranar da aka kunna allon muna tsaye a ɗakin jira, ni da Dogo da shugaban asibitin. Ɗakin a cike yake, kujerun roba a jere, yara suna kuka. Mai karɓar baƙi ta buga suna na farko, wata mai juna biyu, ya fito a layin awon ciki. Ta buga na biyu, wata mata da ta zo a duba mata ido. Sunanta ya fito a layin ido, ya kuma fito a layin awon ciki, ya goge na farkon.

Ni a take na gane. Mazubin ɗaya ne, Kawu. Duk yatsun wuri ɗaya suke nunawa, kuma duk sabon suna a kan tsohon yake sauka. Da na gwada da sunaye biyu mabambanta, da na gani tun a ofis.

Kafin in motsa, wata dattijuwa da ke zaune kusa da mai ciwon idon ta miƙe tsaye. Surukarta ce, ita ta rako ta. Ta dubi allon, ta dubi matar, ta dafe ƙirji.

Ta ce, "Ke 'yar nan! Ashe ɓoye mini kike yi? Kin ce ido, ashe wannan ne idon?"

Matar ta ce, "Inna, ba haka ba ne, wallahi ido na zo."

"Rufe mini baki, ga shi a rubuce! Allah na gode maka, Allah na gode maka!"

Ta rungume ta tana kuka, mutane suka fara yi musu barka. Ta ciro waya ta kira ɗanta, tana ɗaga murya duk ɗakin yana ji: "Ka bar abin da kake yi ka yi godiya ga Allah, addu'armu ta karɓu." Tana cikin wayar aka buga suna na uku, na wani tsoho mai ciwon haƙori, shi ma ya bayyana a layi uku har da awon ciki. Ɗakin ya fashe da dariya. Dattijuwar ta tsaya da waya a kunne tana kallon allon, muryar ɗanta tana fitowa yana tambaya.

Daga baya wata nas ta gaya mini matar ta daɗe da aure ba ta taɓa ko ɓari ba, kuma ba asibitin da ba su je ba.

Na je gabanta na durƙusa, na ce ni na yi allon, kuskurena ne. Ba ta zage ni ba. Ta dube ni da jan idonta ta ce, "Ki kashe shi." Na kashe. Ta koma ta zauna jiran likitan ido, surukar ta zauna ita ma, suka bar kujera ɗaya a tsakaninsu. Har muka kwashe kayanmu ba wadda ta yi wa 'yar'uwarta magana.

Asibitin ya rubuto ƙorafi. Dogo ya ce in kawo bayani a rubuce kan yadda aka yi sashen nan, ban kai ba tukuna. In na ce kai ne, na tona cewa na fitar da aikin ofis, na kuma zubar maka da girma a gaban ɗalibinka. In na ce ni ce, sun ga ban san abin da ɗan aji ɗaya ya sani ba. Ba laifi nake ɗora maka ba, gwajin nawa ne. Abu ɗaya kawai nake son sani: da ka ce yana tafiya sumul, a wace na'ura ka gwada shi?

Taka,
'Yar Yayarka

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya. Wannan a gaggauce nake rubuta ta, ina bin bayan waccan, don hankalinka ya kwanta.

Dogo ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Shafukan suna gabansa. Ya sa yatsa a wurin da ka rubuta "a kula" a saman layukan, wanda na kwafe har da shi saboda sakarcina. Ya ce, "Na san hannun da ke rubuta wannan. Ni ma shekara biyu ina kwafarsa daga allo. Ban tambaye ki ba, kuma kada ki gaya mini, don in na ji da kunnena dole in kai sama." Ya ce shi ma da nasa laifin, tunda ya ga suna ɗaya a layi takwas ya sa hannu. Ya rubuta wa shugaban kamfani cewa kuskuren gwaji ne na sashe gaba ɗaya. An ƙara mini watannin gwaji, amma aikina yana nan.

Na gyara manhajar. Na keɓe wurare takwas tun daga farko, kowane manuni da nasa, suna in ya sauka a mazubi sai a kwafe shi zuwa wurinsa. Na gwada da sunaye iri-iri har na gaji.

Don Allah Kawu, kada ka rubuta wa Dogo komai. Maganar ta mutu, a bar ta a haka.

Taka,
'Yar Yayarka

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikis salam. Kada ki tambayi lafiyata, ban cancanta ba. Na karanta labarin matar nan da surukarta a tsaye, na sake karantawa a zaune, abinci kuma ya gagare ni.

Kin tambaye ni a wace na'ura na gwada. Babu na'ura. Kwamfutata ta mutu tun bara, tana nan a lulluɓe da zane, na kasa gaya wa kowa saboda a dangi ni ne mutumin kwamfuta. Da fensir na bi shi, a kan takarda, kuma da suna ɗaya na bi. Na rubuta miki "sumul" ina sane za ki ɗauka na kunna shi na gani, na kuma bar ki ki ɗauka hakan don ya fi daɗin faɗa. Wannan kuskuren na sha ba ɗalibai sifiri a kansa. Sannan na zauna na rubuto miki wasiƙar gori, ke kuma kina can kina haɗiye abin da na dafa. Kunya ta ishe ni, 'yata.

Amma kada ki damu, na ɗauki mataki. Ba zan bari ki ɗauki kayana ba. Na rubuta wa Dogo komai dalla-dalla: cewa ke kin turo mini aikinki da tsabtarsa, ni na soke na saka ɓarnar. Don kada a ce ina kare 'yata ne da baki, na haɗa da shafukan da kika aiko, da jan birona a jiki. Kuma tunda maganar aiki ce ba ta zumunci ba, na bi ƙa'ida kamar yadda aka koya mana: na aika ta hannun shugaban kamfaninku, shi zai gani ya miƙa wa Dogo. Na kai gidan waya da ƙafata tun da safe.

In sun karanta za su san ba ke ba ce. Ni girmana ya zube, ba komai, dama a kan takarda yake.

Kawunki

*

Zuwa ga Kawu,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina fatan ka koma cin abinci. Ni lafiyar jiki ƙalau.

Wasiƙunmu sun yi saɓani a hanya. Na san yanzu tawa ta iso ka, ka kuma gane.

Taka ta isa teburin shugaban kamfani, ya karanta, ya kira ni da Dogo tare. Shafukana suna shimfiɗe a gabansa da tambarin kamfani a kowane kai, ga jan bironka. Bai ko yi maganar mazubi ba. Ya ɗaga shafi ɗaya ya ce, "Ke kika fitar da wannan?" Na ce ni ce. Ya juya ga Dogo ya ce, "Kai kuma ka sani?" Dogo ya sunkuyar da kai, babban mutum kamar yaron da aka kama, ya ce ya yi zato. An ba shi takardar gargaɗi. Ni an ce in miƙa katin shiga kafin a tashi.

Na kwashe kofina da rigar sanyina a leda. Abokan aiki kowa ya manne ido a kwamfutarsa, wai don kada in ji kunya. Dogo ya biyo ni har matakala, ya ce in gaishe ka, ya ce wasiƙarka ba kuskure ko ɗaya a rubutunta.

Na yi fushi da kai, Kawu, ba zan ɓoye ba. Na yi fushin da ban taɓa yi da babba ba. Amma in na bi abin daga farko, ni na sa shafukan a ambulan da hannuna bayan na sa hannu cewa ba zan yi ba, don kawai ina jin kunyar in ce wa Dogo ban iya ba. Fushin sai ya rasa inda zai tsaya.

Zan zauna a nan in nemi wani aikin. Saura abu ɗaya. Baba bai sani ba. Duk wayar da muka yi sai ya tambaye ni na'urar asibiti, ya ce abokansa suna gaishe da Injiniya, ni kuma in ce ina amsawa. Na ɗauki waya na ajiye ya fi a ƙirga. Kai ka kai masa labarin farko, ina roƙonka ka kai masa wannan.

Taka,
'Yar Yayarka

*

Zuwa ga 'yata,

Wa alaikis salam. Ina nan da rai. Allah ya buɗa miki wata ƙofar da ta fi wannan.

Na je. Na tarar da shi a ƙofar gida da abokan nan nasa, suna hango ni suka fara, "Ga malamin Injiniya!" Aka ba ni kujera mai kyau. Na so in ce mu shiga ciki, sai na tuna a gabansu na yi bakin farko. Na faɗa a nan, daga shafukanki har wasiƙar da na kai gidan waya. Na gaya musu kwamfutata a mace take. Saboda kunnen nan ban san ƙarfin muryata ba, ina jin har maƙwabta sun ji.

Abokan suka zame ɗaya bayan ɗaya. Babanki ya faɗi wata magana gajera yana kallon ƙasa. Ban ji ba. Na ce ya maimaita, ya girgiza kai. Ya miƙo mini sandata, ya riƙe mini hannu a matakalar nan da ke ba gwiwata wuya, ya rako ni har bakin titi kamar kullum.

Ki kira shi yau, yana jira. In kun yi magana ki tambaye shi abin da ya ce, ki rubuto mini ko mene ne. Kada ki sassauta.

Kawunki